Me Ya Sa Lambar Wayata Ta Koma 2147483647?

Tambaya: Na cika fom ɗin neman shiga wata makaranta ta intanet a wani shago, na rubuta lambar wayata daidai, amma da aka buga mini takardar shaida sai na ga 2147483647 a gurbin lambar. Abokina da muka je shagon tare, shi ma haka tasa ta fito. Mai shago ya rantse ba aikinsa ba ne. Malaminmu na lissafi kuma da ya gani sai ya yi dariya, ya ce wai sananniyar lamba ce. Shin 'yan damfara ne suka shiga tsakani, ko kuwa wace irin lamba ce wannan? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Kwantar da hankalinka, babu ɗan damfara a wannan magana, mai shago ma ka yafe masa. Kuskuren na wanda ya tsara fom ɗin ne. Ya ware wa lambar waya gurbin da aka yi don ajiye adadi, irin wanda ake tarawa ana ɗebewa, gurbin kuma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Lambar wayar Najeriya in ka cire sifilin farko, ko ta 070 ce ko 080 ko 090, saura alƙaluma 10, wato a idon kwamfuta adadi ne da ya kai biliyan 7 ko 8 ko 9. Gurbin kuwa bai wuce biliyan 2 da 'yan kai ba. Da aka ba shi abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya rubuta mafi girman abin da yake iyawa ya yi shiru. Shi ya sa taka da ta abokinka suka zo ɗaya, kuma duk wanda ya cika fom ɗin nan haka tasa za ta fito. Mutanen Nijar da lambarsu alƙaluma 8 ce sukan tsira, sai fa in sun sa 227 a gaba. Ka koma ofishin makarantar a gyara maka da hannu, ka kuma gaya musu su sa mai kula da shafin ya riƙa ajiye lambar waya a matsayin rubutu. Ai babu wanda ya taɓa tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa don ya ga nawa za su ba shi.

Wannan ke nan game da takardarka. Malaminku kuma gaskiya ya faɗa, kuma sanin da aka yi wa lambar ya girmi kwamfuta da kusan shekara 200.

A baki ana karanta ta haka: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. A ido kamar an watsa alƙaluman ne kara zube. Amma ɗauki 2 ka yi ta ninkawa: 2, 4, 8, 16, 32, 64. Mu kira kowane mataki hawa. Hawa na 10 zai ba ka 1,024. Hawa na 20 zai ba ka 1,048,576. Hawa na 30 shi ne 1,073,741,824, na 31 kuma 2,147,483,648. Cire 1 daga wannan na ƙarshe, ga lambarka ta fito: 2,147,483,647. Duk abin da zan faɗa daga nan, daga wannan asalin ya tsiro.

Kwamfuta da alƙaluma biyu kacal take ƙirga, 0 da 1. A wurinta 1 ɗaya ne, 11 uku ne, 111 bakwai ne, 1111 goma sha biyar, domin kowane gurbi ninkin na damansa ne: 1 da 2 da 4 da 8. Ka lura duk lokacin da gurabun suka cika da 1 zalla, abin da ke fitowa hawa ne da aka cire wa 1. Shekaru da yawa ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen ajiye adadi gurabu 32 ne, abin da masu sana'ar ke kira bit 32. Guda ɗaya ana barinsa ya nuna ko adadin na sama da sifili ne ko na ƙasa da shi, kamar riba da bashi. Saura 31. In ka cika su duka da 1, ka kai maƙura, kuma maƙurar ita ce 2,147,483,647.

Abin da ke faruwa in aka ƙara 1 a kan maƙura ya danganta da manhaja. Wata takan toge a nan, kamar yadda ta fom ɗinku ta yi. Wata kuwa juyawa take yi irin na mitar kilomita a tsohuwar mota, wadda in ta cika da tara-tara sai ta koma farko. Bambancin kawai, ita kwamfuta ba sifili take komawa ba, can ƙarshen ɓangaren bashi take faɗawa, 2,147,483,648 ƙasa da sifili. Ta farkon ta fi sauƙin ganewa. Ta biyun ita ce mai ɓarna, don tana iya mai da mai kuɗi matsiyaci a takarda ba tare da ta yi ko tari ba.

Manya ma sun gamu da wannan iyaka. A watan Disamba na 2014 YouTube ya sanar cewa bidiyon waƙar Gangnam Style ta mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ya sa sun faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo daga bit 32 zuwa bit 64, domin lokacin da aka gina shafin ba wanda ya zaci bidiyo guda zai samu kallo fiye da biliyan 2. Wanda ya fi wannan nauyi yana gaba. Na'urori da yawa suna lissafin lokaci ne ta hanyar ƙirga sakan tun daga farkon ranar 1 ga Janairu 1970. Sakan 2,147,483,647 shekara 68 ne da 'yan kwanaki, saboda haka ƙirgan zai cika ranar Talata 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 da sakan 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Duk na'urar da ba a gyara ba, sakan ɗaya bayan haka za ta ɗauka ana 13 ga Disamba 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun koma bit 64, ba su da wannan damuwa. Abin dubawa su ne tsofaffin na'urorin da aka dasa cikin injuna aka manta da su, waɗanda ke aiki shekara da shekaru ba mai leƙa su.

Yanzu mu koma ajin lissafi, mu ga gidajen da lambar take ciki.

Na farko mai sauƙi ne: mara ce, ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare. 5 ma ba ta raba ta. In ka tara alƙalumanta, 2 da 1 da 4 da 7 da 4 da 8 da 3 da 6 da 4 da 7, za ka samu 46, kuma 3 ba ta raba 46, saboda haka 3 da 9 sun fita. Gwada 7, gwada 11, gwada 13, kullum sai an bar saura. Haka za ka yi ta yi har ka gaji, domin babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan lambobi su ake kira firam: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Kowace lamba da ba firam ba, daga ninka firam-firam aka gina ta, kamar yadda 60 take 2 sau 2 sau 3 sau 5.

Faɗar cewa lamba firam ce abu ne mai sauƙi, tabbatarwa ce aiki. Ba sai ka gwada lambobi biliyan 2 ba. In lamba tana rabuwa gida biyu, dole ɗaya daga cikin masu raba ta ya zama ƙarami, bai wuce lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai adadin ba. A nan 46,340 sau 46,340 yana ba da 2,147,395,600, wato ya ɗan gaza, 46,341 sau kanta kuma ta zarce. To iyakar gwaji 46,340 ke nan, kuma firam kawai za a gwada, su kuwa kusan 4,800 ne a wannan tsakani. Wayar hannunka za ta gama kafin ka ɗauke yatsa. Amma ka ɗauka kai ne da alƙalami da takarda, kowane gwaji doguwar rabawa ce ta adadi mai alƙaluma 10, kuma kuskure guda ya rushe aikin duka.

Wanda ya yi wannan aiki shi ne Leonhard Euler, haifaffen birnin Basel na Suwizalan a 1707, wanda ya ƙare rayuwarsa a San Fitasbag ta Rasha a 1783. A 1772 ya bayyana cewa ya tabbatar lambar firam ce, a lokacin kuwa idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya, 'ya'yansa da almajiransa ke rubuta masa. Yadda ya rage aikin shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin, don haka bari in ɗan tsaya a kai.

Tun a 1640 Bafaranshe Pierre de Fermat ya gano wata ƙa'ida. In ka ɗauki hawan da lambarsa firam ce ka cire 1, duk abin da zai raba sakamakon sai ya kasance ninkin lambar hawan sau biyu, ko riɓinsa, da ƙarin 1. Misali zai fi bayani. Hawa na 11 shi ne 2,048, cire 1 saura 2,047. Wannan tana rabuwa: 23 sau 89. Duba 23, ai 22 ce da 1. Duba 89, ai 88 ce da 1, kuma 88 ita ce 22 sau 4. Haka hawa na 23, wanda ke ba da 8,388,607, mai raba shi na farko 47 ne, wato 46 da 1. Saboda haka a hawa na 31, duk mai rabawa sai ya zama riɓin 62 da ƙarin 1: 63, 125, 187, 249 da sauransu. Da wannan kaɗai an zubar da mafi yawan masu neman shiga.

Euler ya ƙara tankaɗe na biyu. Ya nuna cewa mai rabawar, in aka raba shi da 8, dole saura ya zama 1 ko 7. In ka haɗa sharuɗɗan biyu, abin da ya rage su ne lambobin da in an raba su da 248 ake samun saura 1 ko 63. Jerin ya fara da 63, 249, 311, 497, 559, 745, 807, 993, 1,055, 1,241, 1,303. Har zuwa 46,340 ba su kai 400 ba. A cikinsu ma yawanci ba firam ba ne: 63 tana rabuwa da 7, 249 da 3, 497 da 7, 559 da 13, 1,241 da 17. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311. Gwada da kanka: 311 sau 6,905,092 yana ba da 2,147,483,612, saura 35. Ba ta raba ba. Daga ita sai a yi tsalle zuwa 1,303. Da haka gwaji kusan 4,800 ya dawo bai kai 100 ba, abin da mutum mai haƙuri zai iya gamawa. A ganina wannan shi ne darasin da ya kamata a riƙa nuna wa ɗalibai a makarantunmu, inda har yanzu ake auna gwanin lissafi da saurin ninkawa a ka. Euler gwani ne wajen ninkawa a ka, amma sai da ya zauna ya nemi hanyar da zai yi ninkawar kaɗan.

Lambar ta riƙe kambun firam mafi girma da aka sani har zuwa 1867, kusan shekara 95.

Gida na gaba shi ne na Mersenne. Marin Mersenne malamin coci ne Bafaranshe, mai yawan musayar wasiƙu da masanan zamaninsa. A 1644 ya wallafa jerin hawan da ya ce in an cire musu 1 ana samun firam: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Na farko-farkon an riga an san su, Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da na 17 da na 19 tun 1588. Sauran hasashe ne. Ya dace a 31 da 127, ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Sai a 1903 Ba'amurke Frank Nelson Cole ya nuna masu raba na 67, wato 193,707,721 sau 761,838,257,287. Duk da kurakuran, sunan Mersenne ne ya bi wannan iyali. Jerinsu ya fara da 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, sannan tamu ta zo ta takwas. Dubi tazarar da ke tsakanin ta bakwai da ta takwas, daga rabin miliyan zuwa biliyan 2, domin hawa na 23 da na 29 duk sun faɗi jarrabawa. Zuwa Oktoba 2024 an san guda 52, babbarsu ita ce hawa na 136,279,841 a cire 1, mai alƙaluma 41,024,320. Har yau ba wanda ya iya tabbatar da ko suna da ƙarshe ko ba su da shi.

Akwai wani rabon gidaje da ya fi wannan tsufa, wanda Girkawa suka fara, malaman Larabawa irin su Sabit bin Ƙurra na Bagadaza suka ɗauka suka faɗaɗa. Ana tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, a gwada da ita. Masu raba 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6, jimla 16, sun fi ta, sai a ce mai rara ce. Masu raba 8 su ne 1, 2, 4, jimla 7, sun gaza, tauyayya ke nan. Masu raba 6 kuwa 1, 2, 3 ne, jimla 6 cif. Irin wannan ita ce kammalalliya, kuma ba su da yawa: 6, 28, 496, 8,128, sai a yi dogon tsalle zuwa 33,550,336. A wannan ma'auni lambarmu tauyayya ce ta ƙin ƙarawa, tunda duk girmanta abin da za a tara mata 1 ne tak.

Sai dai tauyayyar nan ita ke haifar da kammalalliya. Iƙlidis, wanda ya koyar a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa in ka samu firam irin ta hawa a cire 1, ka ninka ta da hawan da ke ƙasa da nata, kammalalliya za ta fito. 3 sau 2 shi ne 6. 7 sau 4 shi ne 28. 31 sau 16 shi ne 496. To 2,147,483,647 sau 1,073,741,824 yana ba da 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliya ta takwas, mai alƙaluma 19. Euler ɗin dai shi ya tabbatar cewa duk kammalalliyar da take cika ta wannan hanya kaɗai take zuwa. Ko akwai kammalalliya mara? An fi shekara 2,000 ana nema, ba a samu ba, ba a kuma nuna babu ba. A 1811 wani masanin lissafi na Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya wani ya ƙara wahalar da kansa neman wadda ta fi ta takwas ɗin nan, tunda abin sha'awa ne kawai marar amfani. Bai san za a zo zamanin da dubban mutane za su bar kwamfutocinsu a kunne dare da rana suna wannan farauta ba.

A gurguje: in ka raba lambarmu da 4 saura 3 ne, kuma duk lambar da ke haka ba ta taɓa zama jimlar murabba'i biyu, wato lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta, yadda 13 take 4 da 9.

Tambayar da nake tsammanin za ta zo maka ita ce, shin masu ƙera kwamfuta sun zaɓi wannan iyaka ne don firam ce? A'a. Sun zaɓi 32 ne don tana cikin jerin ninki, 8, 16, 32, 64, wanda ya fi sauƙin ginawa. Iyakar bit 16 ita ce 32,767, kuma tana rabuwa: 7 sau 31 sau 151. Iyakar bit 64, wadda YouTube ya koma, ita ce 9,223,372,036,854,775,807, ita ma 7 na raba ta, 127 ma haka. Dalili kuwa 15 da 63 ba firam ba ne, kuma in lambar hawa ta rabu, abin da ta haifa ma sai ya rabu. Ita 31 firam ce, har ma 'yar gidan Mersenne ce da kanta, tunda 32 ce a cire 1. Wannan ya sa lambarmu ta shiga wani ɗan ƙaramin ɗaki da ake kira Mersenne riɓi biyu, wato Mersenne da aka gina a kan Mersenne. Firam huɗu kacal aka sani a ɗakin: 7, da 127, da 2,147,483,647, da hawa na 127 a cire 1, mai alƙaluma 39, wadda Bafaranshe Édouard Lucas ya tabbatar da hannu a 1876. In ka duba da kyau, waɗannan huɗun su ne iyakokin bit 4 da bit 8 da bit 32 da bit 128. Dacewa ce ta faɗo a kan ma'aunin da duniya ta fi amfani da shi, ba shiri ba.

Da dacewar ta samu kuwa, masu manhaja ba su bar ta ta tafi a banza ba. Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a da gaske, amma wasanni da gwaje-gwajen kimiyya suna buƙatar lambobi masu kama da na ƙuri'a. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar wata hanya da ta yaɗu ƙwarai. Ka ɗauki lamba, ka ninka ta da 16,807, ka raba da 2,147,483,647, ka riƙe sauran. Sauran nan shi ne ƙuri'arka, kuma shi za ka sake ninkawa don samun ta gaba. In ka fara da 1, za ka samu 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, sai 984,943,658, suna tsalle sama da ƙasa ba tsari a ido. Saboda abin rabawar firam ne, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, jerin ba ya faɗawa sifili ya mutu, ba ya kuma komawa inda ya fara sai ya taka kowace lamba daga 1 har 2,147,483,646, kowacce sau ɗaya. Ukun farko kana iya bin su da kalkuletar wayarka in tana ɗaukar alƙaluma 13.